Keke da tirela a shataletale: kundin aikinmu da ɗalibai

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Tun da aka dawo daga dogon hutu kekunan da ake jinginewa a gindin darbejiyar makarantarmu suka yi yawa, har maigadi ya fara ƙorafin wurin ajiya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin A Daidaita Sahu yake hawa, a watan jiya kuma aka sake ƙara kuɗin fetur. Achaɓa an hana shi a Kano tun 2013. Sai iyaye da yawa suka sauko da tsohon keken da ke rataye a zaure, aka yi masa faci aka miƙa wa yaro.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne yawancin yaran nan sai sun ratsa wani shataletale kafin su iso, kuma yana kan ɗaya daga cikin hanyoyin da manyan motoci suke bi su kewaye gari: tirelolin siminti, tankokin mai, tifofin yashi, da masu ɗauko hatsi. A makon nan na riƙa tsayawa a bakinsa da safe ina kallon yadda suke wucewa. Kusan dukansu abu guda suke yi. Suna manne da gefen dama, dab da dakalin titi, in tirela ta tsaya tana jiran hanya sai su kurɗa ta ɗan ratar da ke tsakaninta da dakalin, su tsaya a gefen tayarta. A ganinsu nan ne mafaka, tunda tun suna ƙanana ake ce musu su bi gefe. A miƙaƙƙen titi maganar tana da hujja. A bakin shataletale kuwa babu wurin da ya fi nan haɗari.

Shugaban makaranta ya ba ni filin ƙwallo duk Asabar da safe har zuwa ƙarshen zango, don in koya wa yaran yadda za su ratsa shataletalen lafiya. Zan riƙa rubuta abin da aka yi a nan, ko wani malamin zai amfana.

Asabar, 12 ga Oktoba

Yau ba a hau keke ba, duba su aka yi. Na gayyato dattijon da yake gyaran keke a bakin kasuwar unguwa, ya zo da akwatin kayan aikinsa a kan kariya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana matsa birki yana girgiza kai. Da yawa robar birkinsu ta cinye har ƙarfe yana gogar ƙarfe, wasu kuma birkin gaba an cire shi gaba ɗaya. Ya tambayi wani yaro da me yake tsayawa, yaron ya ɗaga ƙafa ya nuna silifas ɗinsa, tsakiyarsa ya lotsa saboda taka taya.

"Ɗan nan," in ji Baba, "da wannan za ka tsaya a bayan tanka?"

Mun yi dokar farko: keken da ba shi da birki biyu masu kamawa ba ya shiga filin nan. Ta biyu, babu goyo. Na san ta biyun ita za a fi karyawa, domin gida ɗaya keke ɗaya ne, ƙanne kuma biyu. Amma mai goyo ba ya iya tashi da sauri daga tsaye, kekensa sai ya yi tangal-tangal kafin ya daidaita, kuma a daidai lokacin ne motar baya take tasowa.

Asabar, 19 ga Oktoba

Mun zana shataletale da toka a tsakiyar fili, da bakuna huɗu, aka jera duwatsu a matsayin da'irar tsakiya. Wasu yaran suka zama motoci, suna tafiya a ƙasa suna ƙugi da baki, abin da ya fi komai yi musu daɗi.

Ka'idar ba ta da wuya. A Najeriya hannun dama muke bi, saboda haka in ka shiga, da'irar tsakiya tana hannun hagunka, kuma wanda ya riga ka shiga shi ke da hanya, ta hagu zai ɓullo maka. Ka tsaya ka duba hagu, in ka ga sarari ka shiga. In za ka wuce wata mafita ba tare da ka fita ba, ka waiwaya ka miƙa hannun hagu don na baya ya san kana nan ciki. In taka mafitar ta zo, hannun dama. Abin da ya fi ba su wuya shi ne waiwaye: da yaro ya juya wuyansa sai keken ya bi shi ya karkace. Kusan rabin safiyar a nan ya tafi, ina tsaye a bayansu ina ɗaga yatsu, su waiwayo su faɗi nawa suka gani ba tare da sun sauka daga layin toka ba.

Wani cikin manyan ya zo da bidiyo a waya da ya samo a YouTube, yana musu cewa ba haka ake zagayawa ba. Da na duba, na Ingila ne. Su hannun hagu suke bi, don haka komai nasu a juye yake: ta dama suke dubawa, kuma gefen da ke kashe masu keke a wurinsu hagun mota ne. Na gargaɗe su da su lura da ƙasar da bidiyo ya fito kafin su kwaikwaya. Baba mai keke, da ya dawo ƙarasa gyaran makon jiya, ya ce mu ma ai da can hagu muke bi, yana saurayi aka yi canjin hannu a watan Afrilun 1972, aka koma irin na maƙwabtanmu Nijar da Kamaru. Ya ce makonni aka yi mutane suna tuƙi a tsorace, kuma a ganinsa tun daga lokacin ba a sake tuƙi da natsuwa irin ta wannan 'yan makonnin ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Wannan ita ce ranar da nake jira. Kawun wani ɗalibina direban tirela ne, ya yi shekaru yana bin hanyar Legas. Ya yarda mu same shi a filin da suke ajiye motoci, ranar da ba shi da lodi. Na ɗebi yaran, muka tafi da tsofaffin jarkoki da kwalaye.

Da farko ya riƙa ɗora su ɗaya-ɗaya a kujerar direba, sauran kuma suna tsaye da kekuna a kewayen motar. Na ce wa na sama ya ƙirga mutanen da yake gani. Yaron farko ya duba gaba, ya duba madubai, ya ce babu kowa sai mutum biyu can baya ta hagu. Da ya sauko ya zagayo sai ya tarar da abokansa tsaitsaye da kekunansu a gefen dama, tun daga ƙasan ƙofa har wajen tankin mai, wani kuma a gaban motar dab da bamba. Ya tsaya ya kasa magana. Kujerar direba a hagu take, kuma sama take ƙwarai, saboda haka duk abin da ke ƙasan ƙofar dama, da abin da ke manne da hancin motar, da abin da ke bayan bodi, idonsa ba ya kaiwa. Madubi yana rage wani abu, in akwai shi. Alhaji, wato direban, ya nuna mana motocin da ke jere a filin: wata madubin damanta ya fashe an ɗaure da roba, wata babu ƙaramin madubin da ke leƙa ƙasan ƙofa.

"Malam, kuma ko madubin lafiyarsa ƙalau," in ji shi, "in na zo bakin shataletale idona yana hagu. Can motoci suke fitowa, can nake neman sarari. Da na samu zan taka, don in na yi jinkiri an rufe. Wanda ya zo ya tsaya mini a dama bayan na riga na tsaya, wallahi ban san da shi ba, sai dai in yaron mota ya leƙa ya gaya mini."

Na daɗe ina karanta batun wuraren da direba ba ya gani, amma wannan bayanin nasa ya fi duk abin da na karanta kama jiki. Mai keke yana ganin motar ƙatuwa a gabansa, sai ya ɗauka ita ma ta gan shi.

Sai muka zo kan jarkoki. Ƙasar filin gari ce, sawun taya yana fita raɗau. Alhaji ya tayar da mota ya yi kwana zuwa dama a hankali, kamar yadda zai yi in zai shiga shataletale ko zai fita. Muka bi sawun. Tayoyin gaba sun yi nasu layin can waje, na baya kuma sun yanke ta ciki, ratar da ke tsakanin sawun biyu ta fi tsawon keke nesa ba kusa ba. Muka jera jarkokin a inda kan motar ya wuce ya bar su lafiya, da sarari mai yawa, har wani yaro ya ce shi a nan zai iya tsayawa ya sha rake. Aka sake yin kwanar. Kan motar ya wuce su, tsakiyar bodi ya matso, tayoyin baya suka bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar fashewar jarka ta ƙarshe ce ta sa yaran ja da baya gaba ɗaya. Alhaji da ya sauko ya ce bai ji komai ba a sama.

Dalilin shi ne tsawo. Kwantena mai ƙafa 40 kaɗai ta kai mita 12, ban da kai. Tayoyin baya ba su da sitiyari, jan su ake yi, don haka kullum gajeriyar hanya suke bi. Saboda direba ya san haka, kafin ya karya dama sai ya fara buɗewa hagu don bayan motar ya samu wurin wucewa. Wannan buɗewar ce take yaudarar mai keke: sai ya ga rata ta samu a dama, ya ɗauka motar hagu za ta yi, ya shige. Ratar nan kamar bakin almakashi take, tana buɗewa ne don ta rufe. A shataletale kuma sau biyu ake yin wannan kwanar ta dama, wajen shiga da wajen fita. A tsakaninsu, lokacin da motar take zagaya da'ira, nauyin kayanta waje yake rinjaya, wato dama. In lodin ya yi tsayi ko kwantenar ba a kulle ta da kyau ba, can za ta kife, kan wanda ya zaɓi bin gefe.

Wani yaro ya tambaya, "Kawu, to in ka gan ni ba sai ka taka birki ba?"

Ya yi dariya. Ya ce siminti buhu 600 yake ɗauka, tan 30 ke nan ban da nauyin motar kanta. Tanka kuma da ta ɗauko lita 33,000 ko 45,000, in ba a cike take ba man yana kai da komowa a ciki, ka taka birki ya turo ka gaba. Ya ƙara da wani abu da ban yi tunaninsa ba: kada su yarda da sigina. Wasu motocin fitilun sun mutu, wasu direbobin kuma suna kunna sigina biyu a mararraba da nufin miƙewa za su yi, al'adar da babu ita a littafin dokar hanya. Ya ce su kalli tayar gaba, ita ba ta ƙarya.

Abin da muka fito da shi daga filin nan jimla ɗaya ce, yaran da kansu suka tsara ta: ba a jerawa da tirela. Ko ka tsaya a bayanta da nisan da za ka hango madubinta, ko ka riga ta isa ka tsaya can gabanta inda za ka waiwaya ku haɗa ido da direba. In ita ce ta zo ta jera da kai kana tsaye a gefe, ka sauka ka ɗaga kekenka ka hau dakali.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ɗan abin da na bibiya a daren jiya. Zama a kujerar direba da muka yi ba sabon abu ba ne, 'yan sandan Landan sun daɗe suna yi wa masu keke haka. Hukumomin birnin ma sun wuce nan: tun watan Maris na 2021 babbar motar da ta haura tan 12 ba ta shiga birnin sai da izini, ana ba ta taurari daga sifiri zuwa biyar gwargwadon abin da direba yake iya gani da idonsa ta gilashi. Daga 28 ga Oktoban da ya wuce, wadda ba ta kai taurari uku ba sai an saka mata ƙarin kyamarori da na'urar da ke gargaɗi in akwai mutum a gefe. A Holan kuwa raba hanyar suka yi: masu keke suna da nasu zoben a wajen na motoci, kuma wurin tsallakawa an ja shi baya da kimanin tsawon mota guda, don direban da ke fita ya tarar da mai keke a gabansa ba a gefensa ba.

Mu a nan, manyan shataletalen da aka taɓa, irin na Dangi da na Hotoro, gada aka mayar da su sama da ƙasa. Motoci sun samu sauƙi, ba na musu. Amma ban ga alamar an zauna an tambayi ta ina yaro mai keke zai bi ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yau an yi musu, kuma na ji daɗin da aka yi shi.

Abin da ake koyarwa a ƙasashen da suka daɗe da wannan harka shi ne mai keke ya bar gefe tun kafin ya iso bakin shataletale, ya kama tsakiyar layinsa, ya bi jerin motoci tamkar shi ma mota ce. Hujjar tana da ƙarfi: a tsakiya ana ganinka, babu wanda zai jera da kai a layi ɗaya, kuma motar da za ta fita ba za ta yanko ta gabanka ba. Na fara gwada musu haka a kan toka, sai mahaifin wani yaro da ya zo kallo ya ce shi bai yarda ba.

"Malam, da girmanka," ya ce, "ɗana mai shekara goma sha biyu za ka ce ya tsaya a tsakiyar titi a gaban ɗan A Daidaita Sahu? Hon ɗaya za a danna masa ya rikice ya faɗi."

Gaskiya ya faɗa, ta wani ɓangaren. Kama tsakiya yana buƙatar ƙarfin ƙafa da za ka tafi daidai da gudun motocin, da ƙarfin zuciyar da hon ba zai kore ka gefe ba. Yaron da ya kama tsakiya sannan ya tsorata ya koma gefe a cikin da'ira ya fi wanda bai fara ba shiga haɗari. Amma ban yarda da maganin da uban ya kawo ba, wato a bar su su ci gaba da bin gefe a hankali. Jarkokin nan ma ai a tsaye suke, ba gudu suke yi ba.

Mun tsaya a kan raba su biyu. 'Yan ƙaramar sakandare duka za su sauka tun kafin bakin shataletale, su tura keken su tsallaka a ƙasa, can baya kaɗan inda titin ya miƙe kuma akwai dakalin tsakiya da za a tsaya a raba tsallakawar biyu. Manya kuwa, wanda na gamsu da birkinsa da waiwayensa, zai iya kama tsakiya, da sharaɗin in akwai babbar mota a bakin ko a cikin da'irar ya jira ta fice tukuna. Ƙananan sun ɓata rai, wai za a yi musu dariya. Baba mai keke ya ce shi da furfurarsa a nan yake sauka kullum, wanda ya isa ya zo ya yi masa dariyar.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Mun je shataletalen na gaske da sassafe, lokacin da hanya ba ta cika ba, da manya kawai, bibbiyu, ina binsu a baya da nawa keken. Toka ba ta nuna mana wasu abubuwa ba. Gefen waje na da'irar cike yake da yashi da tsakuwar da tifofi suke zubarwa in sun karkata, tayar gaba tana shiga ta zame. A bakin mafita ɗaya akwai baƙin tabon gas da ya zuba, da santsi. Sannan 'yan A Daidaita Sahu sun mayar da bakin kowace mafita tasha, suna tsayawa ba zato su ɗauki fasinja, sai mai keke ya kauce hagu ba tare da ya waiwaya ba. Duk waɗannan ƙarin hujja ne na barin gefe.

Miƙa hannu ma sai da muka gyara. A inda kwalta ta farfashe, sakin hannu ɗaya yana iya kayar da mutum. Na ce su miƙa tun da wuri, a taƙaice, su mayar da hannu kan birki kafin kwana.

Wani abu ya faranta mini rai. Tanka ta iso bakin tare da yara biyu, na ga na gaban ya matsa birki ya ja baya, ya karkata kai yana neman madubi. Ban ce masa komai ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Hazo ya sauka. Da ƙarfe bakwai na safe ba ka hango ɗaya gefen shataletalen sosai, kuma rigunan sanyin yaran duk masu duhu ne. Mun sayo tef mai ƙyalli irin wanda ake liƙa wa bayan manyan motoci, muka yayyanka aka manna a bayan kariya, da feda, da jakunkunan makaranta. Masu zuwa Islamiyya da yamma su dawo bayan magariba na ce lalle sai da fitila, ko da ƙaramar tocila ce a ɗaure da roba. Na kuma hana naɗe kai da rawani ko hular sanyi har kunne ya toshe, domin hucin birkin iska na tirela sau da yawa kunne ne yake fara jin sa kafin ido ya gani.

Asabar, 14 ga Disamba

Zama na ƙarshe a zangon nan. Da safe a makon nan na koma inda na saba tsayawa. Kurɗawa ta gefen tirela ta ragu sosai a cikin waɗanda suka je filin motoci, amma waɗanda ba su je ba suna nan yadda suke, kuma bayanin baki bai canza su ba. Saboda haka zango mai zuwa da jarkoki za a fara, ba da toka ba. Goyo ya dawo kamar yadda na zata. Ƙananan suna sauka in sun hango ni, ban da tabbacin abin da suke yi in ba na nan, don haka na roƙi mai shayin da ke bakin wurin ya riƙa tsawata musu, ya ce ai dama yana yi.

Mun rubuta takarda da sa hannun shugaban makaranta da na iyaye zuwa ga hukumar kula da zirga-zirga ta jiha da Hukumar Kiyaye Haɗurra, muna roƙon abu uku: a share yashin gefen da'irar, a matsar da masu ɗaukar fasinja daga bakin mafita, a zana wurin tsallakawa a inda yaran suke tsallakawa yanzu. Ranar Litinin za a kai.

Alhaji ya yi waya daga hanya, ya ce ya yi magana da wasu abokan aikinsa, suna so in an dawo hutu a juya abin: a ba direbobi da yaran mota kekuna su tsaya a gefen dama, wani ya ja motar ta wuce su. Baba ya ce zai ba da aron kekuna biyu, amma a gaya wa direbobin duk wanda ya lanƙwasa masa gargare shi zai biya.